Kwanakin da Muka Yi a Busasshen Rafi

Wata Laraba ce cikin watan Maris na shekarar 1983, azahar ta ɗan gota. Ina kwance rub-da-ciki a ƙarƙashin lorin Baba, inda yashi ya fi sanyi, ni da ƙanena Sanusi muna dara da tsakuwa da guntayen kara. Sai iska ta turo wani abu baƙi, siriri kamar gashin tsuntsu, ya sauka a bayan hannuna. Ina taɓa shi ya murmushe ya zama toka. Wani ya biyo shi, wani ma ya biyo. Na leƙo da kaina waje, na ga Mma tsaye da ludayi a hannu, ta ɗaga kai tana kallon gabas. Sama ta yi jawur kamar ruwan goro, shirwa sun cika ta suna shawagi ƙasa-ƙasa. Duk yaron da ya tashi a arewacin Gana ya san abin da ke tara shirwa haka da rana tsaka: fara da ɓeraye suke jira, waɗanda wuta ta koro. Shekaruna goma a lokacin. Muna tsakiyar wani rafi da ya ƙafe, nesa da kowane gari da muka sani. Baba ba ya nan, mota ba ta tashi, kuma a cikinta akwai duro cike da fetur.

A zangon Salaga aka haife ni, a gidan da kakannin Baba suka kafa tun suna zuwa fataucin goro. Baba direba ne, lorinsa tsohuwa ce mai bodin katako, da ita yake kai doya Bawku ya dawo da albasa da wake. Saboda yawan kwanan hanya, sai ya sa kafinta ya raba bayan motar biyu, rabin da ke manne da wajen zaman direba ya zama ɗaki. Akwai gado na katako da katifar rimi, akwai kanta da aka yi wa baki don kada kwanuka su zube a gargada, akwai 'yar taga da ake tokarewa da sanda. A jikin bango an kafa ƙusoshi na rataye buta da fitila da tabarmar salla. Idan an tsaya, sai ya warware tamfol daga gefe ya kafa sanduna, ga rumfa ta samu. Yaran unguwa suna kiranta gidan tafiya, ni kuma ina ji da ita kamar tawa. Idan motar tana gida, a ɗakin nan muke wasan 'yar tsana da ƙawayena, mu dafa tuwon ƙasa a murfin kwalba, mu leƙa ta taga muna ɗaga wa masu wucewa hannu kamar muna barin gari. Duk hutun makaranta na rani Baba yakan ɗauke mu gaba ɗaya zuwa Bawku, garin su Mma, kuma ni tafiyar ta fi mini isar daɗi.

Amma ranin wannan shekara daban yake. Damina ba ta yi kirki ba, sannan wutar daji ta bi gonaki ta cinye doyar da aka tara a rumfuna. Rijiyoyin Salaga, da muke taƙama ba sa ƙarewa, suka zama sai an zura guga an jira. Kafin in tafi makaranta sai na je rijiya da asuba na bi layi, in dawo da rabin bokiti mai laka, in share tsakar gida, in wanke tukunyar koko wadda sau da yawa ba a ma ɗora ta ba. A makaranta an daina ampe, wasan tsalle da tafi da muke yi har ƙafa ta yi ciwo, don ba mai ƙarfin tsalle. Lokacin tara sai mu zauna a gindin darbejiya muna carafke a hankali, wasu su kwanta a kan benci. Malaminmu na lissafi, da bulala ba ta barin hannunsa, ya ajiye ta a kan tebur ya manta da ita. Ƙashin wuyan manya ya fito fili, har ana zolaya ana cewa kowa ya sami sarƙa kyauta. A gida Mma ta koma dafa abinci sau ɗaya, da yamma, tana yawan cewa, "Ku tauna a hankali, ciki ba ya sanin yawa, daɗewa yake sani."

Da abin ya yi tsanani, Baba ya yanke shawara mu koma Bawku wurin yayan Mma, mu zauna har ruwa ya sauka. Yayan nata ɗan kasuwar hatsi ne, amma ya aiko cewa shi ma rumbunsa ya yi ƙasa, in za mu zo mu taho da abin da za mu ci. Baba ya sayar da kekensa da rediyonsa da tumakin Mma, ya haɗa buhu uku na masara da ɗaya na busasshen rogo. A zamanin nan ɗaukar hatsi a mota haɗari ne, don a kan hanya akwai shingaye, in aka ga buhu sai a ce ɓoyon abinci kake yi, a sauke. Saboda haka ya cire katakon daɓen ɗakin, ya shimfiɗa buhunan a ƙasa, ya mayar da katako ya buga ƙusa, ya ɗora gado a kai. Fetur ma ba a samu a hanya, shi ya sa ya ɗaure duro guda a kusurwar ɗakin. Ya tara mu ya ce, "Ko wa ya tambaye ku, ba komai a motar nan sai tsummokaranmu." A shingen shiga Yendi wani mai bindiga ya hau ɗakin, ya zauna a bakin gadon yana tambayata sunana da ajina. Ina jin warin masara yana tasowa ta tsakanin katako, na tabbata shi ma yana ji. Mma ta tsunkuli Sanusi ya fashe da kuka, mutumin ya tsuke fuska ya sauka. Sai da muka bar Yendi da nisa Baba ya saki numfashi ya ce alhamdu lillahi.

Don guje wa sauran shingayen, bayan mun sauko gangaren dutsen Gambaga sai Baba ya bar babbar hanya ya bi wata ta masu amalanke. Ƙasar nan ta bushe ƙarau. Ciyawar gamba ta fi mutum tsayi, ta yi fari fat, itatuwan kaɗanya sun zubar da ganye. Hanyar ta gangara cikin wani rafi mai faɗi wanda ba ɗigon ruwa a cikinsa, yashi ne fari shimfiɗe kamar filin idi. Mun ƙetare lafiya, amma da motar ta fara hawan ɗaya gaɓar sai muka ji ƙara kamar an fasa dutse, ta yi baya ta zauna. Ƙarfen da ke juya ƙafafun baya ne ya karye. Baba ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito da guntun ƙarfen a hannu, fuskarsa duk baƙin mai. Ba yadda za a yi sai ya kai shi Bawku a ƙafa, ya nemo wani ko a yi masa walda. Kafin ya tafi ya tsiyaye man tanki ya juye a duro don kada a zuƙe, ya sassabe ciyawar da ke dab da motar, ya ɗaga katako ɗaya ya ɗebar wa Mma masarar da za ta ishe mu, ya sake bugawa. Ya miƙa mata addarsa, ya ce jibi zai dawo in Allah ya so. Muka tsaya muna kallon farar hularsa har ciyawa ta haɗiye ta.

Jibi ta zo ta wuce, wasu kwanakin ma suka bi ta. Mu yara da farko daɗi muka ji, don ga gidan tafiya ya zama gidanmu na gaske. Da safe ni da Mma mukan je tsakiyar rafin mu tona yashi da ƙwarya, mu yi ta tonawa har ramin ya kai mini ƙugu, sannan mu zauna mu jira ruwa ya tsattsafo. Sai an bar shi ya kwanta a kwashe na sama a hankali, a tace da gefen mayafi. Aikina ne in tsinto itace, in kakkaɓe katifa saboda kunama, in share yashin da iska take tarawa a ƙarƙashin rumfa. Sanusi ya gano wani wuri a gaɓa inda ake sulalowa a kan ɓawon itace, muka yi ta yi har wandonsa ya yage. Mun gina garin Salaga da jiƙaƙƙen yashi, da masallaci da kasuwa da tashar mota. Da rana zafi yakan sa ɗakin ya zama kamar tanda, sai mu shige ƙarƙashin mota. Da yamma Mma takan zaunar da mu ta biya mana karatun allo da ka, amma idonta yana kan hanyar da Baba ya bi, ko ƙarar kurciya ta ji sai ta yi shiru ta kasa kunne.

Ba mu kaɗai muke shan ruwan rafin ba. A bayan gaɓar da muka maƙale akwai wani ɗan ƙauyen Kusasi, gidaje kaɗan masu jinka, matansu sukan sauko da tuluna kowace safiya. Yunwar da ke jikinsu ta fi ta Salaga. Yaransu cikkuna sun kumbura, gashi ya yi ja, ba sa gudu ba sa dariya, sai su tsaya nesa su zuba wa motar ido. A cikin matan akwai wata doguwa mai tsagar fuska, sunanta Apoka, da jariri a goye. Ita kaɗai ke jin Hausa, irin ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "kai" ne. Ita ta nuna wa Mma inda ruwa ya fi kusa, a gindin wani baƙin dutse. Sukan gaisa, su ɗan yi hira kan zafi da ciwon yara, amma Mma ba ta taɓa ce mata ta zauna a rumfa ba. Girki ma sai ta tabbata matan sun hau tudu take ɗorawa, a bayan mota, da wuta kaɗan, kuma ba ta daka masarar don kada a ji ƙarar turmi, dafa ta take yi da gishiri. A cikin ɗaki muke ci, taga a rufe. Ta hana mu fita da ko ƙwaya ɗaya a hannu, kuma mukan kurkure baki kafin mu sauko.

Tururuwa ce ta tona mu. Wata safiya Apoka ta biyo ta gefen mota da tulu a ka, sai ta tsaya cak tana kallon ƙasa. Na bi idonta. Layin tururuwa ne ya sauko ta jikin taya, ya miƙe a kan farin yashi, kowace tana ɗauke da ɓarin masara, rawaya, ana ganinsa tun daga nesa. Ashe ɓera ya huda buhu a ƙarƙashin daɓe. Apoka ta dubi layin, ta dubi motar, ta dubi Mma. Mma tana tsaye a bakin rumfa, na ga hannunta ya lalubi gefen zane ya damƙe. Apoka ta sa ƙafa ta shafe layin, ta tura yashi a kai, ta wuce. Amma akwai wasu mata biyu a bayanta, su ma sun gani. Washegari maza suka fara zuwa. Ba sa saukowa, sai su zauna a kan gaɓa sama da motar, da sandunansu na farautar gafiya da karnukansu, su yi ta kallonmu har rana ta yi zafi su tashi. Mma ta hana mu zuwa wajen sulalowa. Adda ta koma kusa da ita duk inda take, har wajen salla tana gefen tabarma. Na lura ta daina cin rabonta sosai, idanunta sun faɗa don rashin barci.

A cikin wannan hali muke ranar Larabar da tokar ta fara sauka. An ce masu farautar gafiya ne na wani ƙauye suka cinna wutar, iska ta ƙwace musu ita. Mma ta jefar da ludayin ta ɗauki adda, ta hau gaɓa tana saran ciyawa kamar wadda ta zautu, ni ina ja ina jefawa ƙasa. Amma abin da Baba ya sassabe bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, bayansa kuwa gamba ce har iyakar gani, ga wani mataccen itace da rassansa suka rufo kan motar. Muka fara jin ƙarar wutar, kamar ana ta karya kara ana buga ganga a tare. Zomo ya wuce ta tsakanin ƙafafuna bai ko kauce ba. Sai ga mutanen ƙauyen suna gangarowa a guje, don yashin rafin nan ne kaɗai abin da ba ya ci a duk ƙasar. Mata da tukwane a ka, yara suna jan awaki, zabi suna tashi suna faɗuwa, wani saurayi ya goyo tsohuwa. A bayansu hayaƙi ya turnuƙe, jinkar gidajensu tana ci. Apoka ta hango mu a kan gaɓa ta ƙwala wa Mma kira: "Ka bari! Ka sauko da yaro, wuta ya zo!"

Mma ta sauko, amma ba tsakiyar rafi ta nufa ba. Ta tura ni da Sanusi wajen Apoka, ta tsaya a gaban mazan nan da suka kwana biyu suna tsorata mu, ta nuna motar tana cewa, "Fetur! Akwai fetur a ciki!" Wannan kalma ba ta bukatar tafinta. Suka dubi juna. In duron ya kama, ba motar kaɗai za ta tashi ba, har mutanen da suka taru a yashin. Wani mai faɗin kafaɗa, wanda kullum shi ke zama a gaba a kan gaɓa, ya fara hawa motar, wasu suka bi shi. Mma ta sa adda ta sare igiyar da aka ɗaure duron da ita. Suka kwantar da duron, suka jingina katakon gado a bakin mota suka gangaro da shi. Yana faɗowa na ji man yana kaɗawa a ciki, na runtse ido. Suka mirgina shi a kan yashi, yana nutsewa suna turawa, tartsatsi yana sauka a bayansu suna kakkaɓewa, har suka kai shi ramin da muke ɗibar ruwa a gindin baƙin dutse. Suka jefa shi ciki, mata suka rufu a kai da hannu da ƙwarya suna tura jiƙaƙƙen yashi, har ya ɓace.

Kafin su gama, mataccen itacen ya kama. Wani reshe ya faɗo kan tamfol, rumfarmu ta tashi lokaci ɗaya. Na ga Mma ta tsaya tsakanin motar da mutane, tana duban nan tana duban can. A ƙarƙashin daɓen nan abincinmu na wata da watanni yake, wanda Baba ya sayar da duk abin da ya mallaka ya saya, wanda ya ce kada kowa ya sani. In ta bar shi, wuta ta ci. In ta fito da shi, ga idanun da za su gani. Ban san ko tsayuwar ta daɗe ba, ni dai na ga kamar ba za ta ƙare ba. Sai ta naɗe zanenta ta haye motar, hayaƙi yana fita ta 'yar tagar. Na yi ihu na zabura, Apoka ta riƙe ni da hannu ɗaya kamar ƙarfe. Muna jin Mma tana dukan katako da adda, tana ɓamɓara, ƙusa tana kuka. Can ta leƙo, ɗankwalinta ya faɗi, tana tari, ta yi wa mazan alama da hannu su zo. Suka hau. Buhu ya fito, wani ya fito, suna jefowa ƙasa ana ja. Ita ce ta ƙarshe da ta diro, gefen zanenta yana ci, wata mata ta tura ta ƙasa ta birkiɗa ta a yashi.

Daga nan kowa ya kwanta a tsakiyar rafin, fuska a ƙasa. Apoka ta jiƙa mayafinta ta rufe ni da Sanusi da jaririnta, ina jin zuciyar jaririn tana bugawa a jikin hannuna. Zafin ya bi ta kanmu kamar an buɗe bakin tanda, numfashi ya gagara, awaki suna kuka, taya ɗaya ta fashe da ƙarar da ta sa kowa ya ƙanƙame ƙasa. Wutar ta tsallaka rafin ta can ƙasa inda ya tsuke, ta kama ɗaya gaɓar, muka zama a tsakiya. Sannan a hankali ƙarar ta yi nisa. Da muka ɗaga kai duniya ta zama baƙa, gaɓa biyu ba ko kara ɗaya a tsaye, kututture ne kawai ke hayaƙi. Mazan suka ruga suka yi ta watsa wa motar yashi. Gabanta da injinta sun tsira, amma ɗakinmu ya tafi: rufin ya rufta, bango ɗaya ya zama gawayi, katifa tana ta cin kanta. A tsakiyar farin yashi kuwa ga buhunanmu a fili, kowa yana gani. Uku ne. Na rogon ya ɓace cikin hayaƙin, har yau ban san wanda ya ɗauka ba.

Mutanen suka taso suka kewaye buhunan. Gidajensu sun ƙone, ɗan gero da irin shukar da suka adana a rumbu ya tafi. Mma ta je ta tsaya a gaban buhunan da adda a hannu, tafin hannunta ya sale. Mai faɗin kafaɗan nan ya matso, damtsensa duk ƙuna, ya ɗora hannu a kan buhu ɗaya. Bai ja ba, bai kuma ɗauke hannun ba. Apoka ta yi masa magana da yarensu da kakkausar murya, ya mayar mata, wasu suka sa baki, hayaniya ta fara tashi. Sai Apoka ta zo ta zauna daram a kan buhu na ƙarshe, ta juyo da jaririnta ta ba shi nonon da ba komai a ciki. Na ɓuya a bayan Mma na riƙe zanenta. Ta dubi mutumin, ta dubi yaran da ke tsaye a bayansa da toka a fuska. Ta ɗaga addar. Mata suka ja baya. Ta sauke ta a kan ɗinkin buhun da hannunsa yake kai, masara ta zubo. Ta ce wa Apoka, "Gaya musu su kawo tukwane. Amma wanda kike zaune a kai na 'ya'yana ne." Da ƙonannen katakon ɗakinmu aka hura wuta a yammacin nan, don ba sauran itace a daji. Na ga sandar da muke tokare taga da ita a ƙarƙashin tukunyar wata mata.

Tare muka ci gaba da zama a rafin, mu da su, don su ma ba su da inda za su. Buhu na biyu ya bi na farko. Apoka kuwa ta jawo na ukun zuwa gindin mota, a kansa take kwana. Ranar da Baba ya dawo, a kan amalanken jaki tare da wani makanike, ashe zazzaɓi ne ya kwantar da shi a Bawku, tun daga nesa ya diro ya taho da gudu. Ya rungume mu, ya shafa kanmu, ya duba hannun Mma. Sannan ya zaga motar, ya leƙa ramin daɓen, ya dubi buhunan da aka kakkaɓe suna shanye a kan dutse. Ya tambaya a hankali, "Wa ya buɗe?" Mma ta ce, "Ni ce, Malam." Ya ce, "To da me za mu shiga gidan yayanki?" Ta ce, "Da 'ya'yanka. Ga su nan da ransu." Aka tono duron, ko ɗigo bai zube ba. Da aka gama gyara, mazan ƙauyen ne suka tura motar ta hau gaɓa, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu. Amma daga nan har Bawku bai yi wa Mma magana ba. Muka zauna a bayan mota a fili, kan buhu ɗaya, rana tana dukanmu.

Abin da Baba ya ji tsoro ya faru. Buhu ɗaya bai kai mu ko'ina ba, kawunmu kuma gidansa cike yake da baki. Mun sha kunun da ana ganin gindin kwano ta cikinsa, mun ci ganyen da ban san sunansa ba. Gashin Sanusi ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, har aka fara yi wa Mma maganar haƙuri, amma Allah ya tashe shi bayan ruwa ya sauka. Baba bai sake gina ɗaki a motar ba, ya mayar da ita ta kaya zalla. Shekaru da yawa bayan haka, Mma ta tsufa a Salaga, ina yanke mata farce na ga tabon tafinta, na tambaye ta ko tausayi ne ya sa ta farke buhun nan ko tsoro. Ta ce, "Na sha tambayar kaina. A lokacin da Sanusi yake kwance, na ce tsoro ne, na tsani kaina. Da ya tashi, na ce tausayi ne. Yanzu ban sani ba, Safiya. Hannuna ne dai ya sauka a wurin."

Yanzu nakan bi hanyar Bawku a motar haya mai sanyi, jikokina suna danna waya, a ƙetare rafuka a kan gada ba wanda ya ɗaga kai. Nakan manna fuska a gilashi ina duba kowane farin yashi da muka wuce, amma ban taɓa gane wurin ba, ban kuma sake jin labarin Apoka ba, ko jaririnta ya rayu. A gidana akwai abinci, alhamdu lillahi, akwai ƙofar ƙarfe da makulli, kuma ban san sunan maƙwabcina na hagu ba. Ba na fatan yunwar nan ta dawo wa kowa. Amma wani lokaci nakan yi kewar matar da na yi 'yan kwanaki kawai da ita, wadda ta rufe ni da mayafi ɗaya da ɗanta. Ko sallama ta kirki ban yi mata ba.